Sai An Gwada Akan San Ta Ƙwarai: Yadda Maharban Giade Ke Zaɓen Wuƙa

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, ciyawa ta bushe, to hankalin maharba da 'yan farauta na ƙasar Katagum sai ya koma daji. A wannan lokaci ne maƙeran Giade da na Azare da na ƙauyukan da ke kewaye da su kan sassauta ƙirar fartanya da garma, su mai da hankali ga wuƙaƙe da adduna. A wannan lokaci ne kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, na Agege da Sabon Ibadan da Shagamu har zuwa Fatakwal, kan yo saƙo gida a sayo musu wuƙa, ko kuwa su saya da kansu in sun zo ganin gida.

Giade dai hedkwatar ƙaramar hukuma ce a arewacin Jihar Bauchi, tana maƙwabtaka da Shira da Misau da Katagum. Ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da 150,000, galibinsu manoma da makiyaya. Gonaki sun cinye yawancin dajin da kakanni suka yi farauta a ciki, saboda haka abin da ɗan farauta ya fi ci karo da shi yau shi ne zomo da gafiya da kurege da damo da fakara da zabon daji, sai kuwa gada in an taki sa'a. Amma duk da ƙarancin naman, sanin wuƙa bai ɓace daga hannun dattawan sana'ar ba. Abin da suka haɗu a kai kuwa shi ne, wuƙar farauta kayan aiki ce, kuma abubuwa 3 ake dubawa a jikinta, watau ƙarfe, da ƙota, da kube. Ga mazaunin Kudu akwai na 4, shi ne yadda zai adana ta da yadda zai ɗauke ta a hanya.

HALAL KO MUSHE

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne na dogon bincike a kan wuƙa, alhali kowace kasuwa cike take da su? Amsar tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa idan maharbi ya tarar da dabbar da karensa ya kama, ko kibiyarsa ta kayar, tana da sauran rai sosai, ba ta halatta sai ya yanka ta. Yankan kuwa shi ne a tsinke maƙogwaro da manyan jijiyoyin wuya guda 2. In ya fara yankan ya ɗauke hannu, sa'an nan ya dawo daga baya ya ƙarasa, naman ya ɓaci. Muhtasar na Shaihu Halil ya ƙara da cewa wanda ya bar wuƙarsa a hannun wani, ko ya cusa ta cikin jaka, har dabbar ta mutu kafin ya ciro ta, shi ma ya yi asara. Har ila yau akwai hadisi a cikin Sahihu Muslim da ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa.

Ke nan mutum zai iya yini cikin rana da ƙaya, ya sha gudu shi da karnukansa, amma dakusasshiyar wuƙa ko kuben da ya riƙe ta ya mai da wahalarsa mushe. Ban da wannan kuma ga hatsari. Wuƙar da ta karye a hannu, ko ta zame daga ƙota ana tsakiyar fiɗa, mai ita take fara yanka, a wurin da babu asibiti kusa.

ƘARFE SHI NE WUƘA

Kafin zuwan Turawa, maƙeran ƙasar Hausa tama suke samu, a dafa ta a fid da ƙarfe. Bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, motoci kuma suka biyo baya, sai tsofaffin ƙarafa suka yawaita, dafa tama ta yi ta ja da baya har ta mutu. Yau maƙerin baƙi, watau mai ƙirar fartanya da wuƙa, wanda ya bambanta da maƙerin fari mai ƙirar zobe da munduwa, wurin 'yan gwangwan da makanikai yake samo abin aikinsa. Don haka tambayar farko da mai saye zai yi ita ce, da wane ƙarfe aka yi wuƙar nan?

Wanda aka fi yabo shi ne sifirin na mota, watau dogayen faifan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota daga ƙarƙashi. Dalili kuwa shi ne akwai wani sinadari da ake kira kabon, ɗan'uwan gawayi ne, wanda shi ke sa ƙarfe ya karɓi tauri. Sifirin yana da kimanin kashi 0.6 cikin 100 na wannan sinadari, daidai gwargwado ke nan, ya riƙe kaifi kuma ya jure lanƙwasa. Tsohon magagari ya fi shi, don nasa ya kai kashi 1 cikin 100 ko fiye, shi ya sa wuƙarsa ke da kaifi kamar aska, amma tana da gautsi, ba ta son sara ƙashi. Ƙarfen durom da na ƙyauren gida kuwa nasu bai kai kashi 0.3 ba. Irin wannan ko an kwana ana dukansa ba zai riƙe kaifi ba. Da shi ake yin wuƙaƙen arahar nan da ake zubawa a tabarma ranar kasuwa, waɗanda kan yanka albasa yau, gobe su gaza. Araha dai ba ta ado.

Amma fa ƙarfe mai kyau kaɗai bai isa ba, sai ya gamu da gwanin wuta. Bayan maƙeri ya gama ƙera siffar wuƙa a kan uwar maƙera, yakan mai da ita cikin garwashi, ya fi so ya zama gawayin ƙirya don zafinsa da daɗewarsa, yaro na ta zuga zugazugi har ta yi ja jawur. Masana ƙarfe sun auna wannan zafi, ya kai kimanin digiri 800, kuma alamarsa ita ce maganaɗisu ya daina kama ƙarfen. Nan take sai ya ɗauko ta da awartaki ya tsoma cikin mai ko ruwa. Mai ya fi dacewa da sifirin, domin ruwa yakan tsaga shi. Daga nan wuƙa ta yi tauri, amma ta yi gautsi kamar kwalba. Sai ya sake ɗumama ta a hankali, kimanin digiri 200, har bakinta ya yi launin busasshen kara, sa'an nan ya bar ta ta huce. Wannan ɗumamawa ta biyu ita ce maƙeri mai gaggawa kan tsallake, ko ya zarce da ita har ƙarfen ya yi shuɗi ya koma laushi. A nan ne wuƙar ƙwarai ke rabuwa da ta banza, ko da daga sifirin ɗaya aka yanko su.

GWAJI A GABAN MAƘERI

Tun da ido ba ya ganin abin da wuta ta yi wa ƙarfe, dattawan farauta ba su biyan kuɗi sai sun gwada. Maƙerin da ya yarda da aikinsa ba ya jin haushin gwaji.

Da farko mai saye ya ɗaga wuƙar saitin idonsa, ya bi bayanta da kallo daga ƙota zuwa tsini. In ta karkace, ko ya ga wani siririn layi kamar gashi a jikinta, tsaga ce, ya ajiye ta. Sa'an nan ya riƙe ta sako-sako ya ƙwanƙwasa ta da wani ƙarfe. Lafiyayya takan yi ƙara mai zaƙi, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take.

Na biyu, ya karɓi magagarin maƙerin ya goga a bakin wuƙar. In magagari ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar ana kankare rogo, ta yi laushi. In ya zame sam bai kama ba, ta yi tauri da yawa, za ta yi giɓi ran da ta gamu da ƙashi, kuma wasa ta a daji zai zama aiki. Wadda ake so ita ce magagari ya kama ta da ƙyar.

Na uku, a wasa ta, ya samu busasshen icen marke ko na ƙirya ya yi ta fiƙewa, sa'an nan ya duba bakin a hasken rana. In bakin ya kwanta gefe guda, ko ya yi ƙananan giɓi, ta faɗi. In kuwa bayan wannan aiki ta aske gashin hannu, to ta ci kuɗinta.

Game da siffa kuwa, samari sun fi son doguwa, dattawa sun fi son matsakaiciya. Wuƙar da bakinta ya kai inci 5 zuwa 7 ta isa yanka da fiɗa da rarraba naman duk abin da ake samu a dajin Katagum. A so ta mai baki ɗaya, bayanta da kauri, cikinta da ɗan lanƙwasa wajen tsini, don da wannan lanƙwasar ake raba fata da nama. Barho da wuƙar damtse mai baki 2 suna da nasu gurbi wajen ado da hawan salla, amma a wurin fiɗa sai su huda tumbi su ɓata nama, su yayyaga fata. Sara itace da fasa ƙashi kuwa aikin adda ne da gatari. Mai wuƙa ɗaya da yake son ta yi masa kome, ƙarshenta ba abin da za ta yi masa. Haka nan wuƙar da ɗan tauri ke gogawa a cikinsa a filin wasa ba ita ce ma'aunin wuƙar aiki ba.

ƘOTA DA KUBE

Yawancin wuƙaƙe ba a baki suke mutuwa ba, a mahaɗar ƙarfe da ƙota suke mutuwa. Wajibi ne mai saye ya tambayi iyakar inda ƙarfen ya shige cikin ƙota. Mafi aminci shi ne ya ratsa ta har ƙarshe, a tanƙware shi ko a dasashe kansa, ko kuwa a manna itace gefe da gefe a ɗaure da ƙusa 2 ko 3. Wadda aka soka mata ɗan tsini inci 2 kawai, aka rufe da fata mai zane, kyan ɗan maciji ce.

Icen marke da aduwa da ƙirya duk suna yin ƙota mai ƙarko. Ƙahon sa yana da kyan gani, amma in an goge shi ya yi sumul yakan yi santsi. Hanyar ganewa ita ce mutum ya jiƙa hannunsa ya damƙi ƙotar, domin ran aiki hannun da jini da kitse zai kasance. Ya kamata kuma a samu ɗan tudu ko ƙarfe a gicciye tsakanin ƙota da baki, wanda zai tare yatsa kada ya zarce kan kaifi.

Kube aikin dukawa ne, kuma nan ma ado kan ruɗi mutane. Jar fatar akuya da tuntaye suna da kyau a ido, amma abin dubawa shi ne ciki. Kuben ƙwarai yana da ɓawon itace ko kakkaurar fatar sa a ciki, yadda tsini ba zai huda ya soki cinyar mai ita ba in ya faɗi yana gudu. A sa wuƙar a kife kuben a girgiza. In ta faɗo, za ta ɓace a daji. In kuwa sai an sa hannu 2 kafin ta fito, to an koma ga matsalar da Muhtasar ya ambata. Wadda ake so ita ce ta zauna daram, amma ta fito da hannu ɗaya.

NA WAJE FA?

Mazauna Ikko da Anaca sun fi kowa ganin wuƙaƙen waje. Daga cikinsu akwai na ƙwarai. Kamfanin Opinel na Faransa yana ƙira tun 1890, garin Mora na ƙasar Suwidin kuma ya yi suna wajen wuƙar aiki marar tsada. Okapi da kowa ya sani an fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Sai dai ita da Opinel masu naɗewa ne, sun dace da aljihu, amma jini da gashi kan shige mahaɗarsu, kuma ba su da ƙarfin wadda ba ta naɗewa.

Waɗanda za a yi hattara da su su ne manyan nan masu walƙiya, masu haƙoran zarto a baya da ƙota mai rami a ciki. Yayinsu ya bazu ne bayan fim ɗin Rambo na farko da ya fito a 1982, aka yi ta kwaikwayonsu da ƙarfe marar kyau. Da yake ƙotar rami ce, ƙarfen bai shiga ciki sosai ba, nan take karyewa.

Akwai kuma batun ƙarfe marar tsatsa, wanda wani Bature, Harry Brearley, ya gano a Shafil ta Ingila a 1913. Ana zuba masa sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100, shi ke hana shi tsatsa. Mai kyansa yana da tsada. Na arahar kuwa ba ya tsatsa, amma ba ya riƙe kaifi, kuma maƙerin gida ba ya iya gyara shi a wuta yadda yake gyara sifirin. Wuƙar maƙeri ta fi shi ta nan, ko ta dakushe dutsen wasa na bakin rijiya ya ishe ta, in ƙota ta tsage kuma wanda ya yi ta yana nan.

TSATSAR KUDU DA HATSARIN HANYA

Rauni ɗaya da wuƙar maƙeri ke da shi ita ce tsatsa. A Giade, inda iska ke bushe fiye da rabin shekara, wuƙa kan daɗe a rataye ba abin da ya same ta. A Ikko ko Fatakwal kuwa, inda ga laima ga iskar teku mai gishiri, 'yan kwanaki sun isa ta yi ja. Maganin shi ne a wanke ta bayan aiki, a goge ta ta bushe sarai, a shafa mata man gyaɗa ko man kaɗanya. In za a daɗe ba a yi aiki da ita ba, kada a bar ta cikin kube, don fata na riƙe laima. A naɗe ta cikin tsumma mai maiƙo. Baƙi-baƙin da kan hau jikinta da daɗewa ba aibi ba ne, yana ma kare ta. Jar tsatsa ita ce abokiyar gaba.

Amma babban abin da ya kamata mazaunin Kudu ya sa a ransa ya wuce tsatsa. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da Ƙaramar Salla, waɗansu mafarauta suka taso daga Fatakwal cikin babbar mota za su gida Jihar Kano. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan sintiri suka tare motar, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya hallaka 16 daga cikinsu. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je Kano ya yi ta'aziyya. Alhakin wannan jini yana wuyan waɗanda suka zubar da shi, babu wani uzuri. Duk da haka abin ya nuna cewa kayan da a ƙasar Katagum kowa ya san na sana'a ne, a wani wuri makami kawai ake gani. Ko a gida ma, ta'asar 'yan sara-suka a Bauchi ta sa jami'an tsaro ba su yi wa mai wuƙa a ƙugu kallon alheri.

Saboda haka wanda zai ɗauki wuƙa daga Arewa zuwa Kudu, ko daga Kudu zuwa gida, ya naɗe ta ya sa a ƙasan kaya, kada ya ɗaura ta a damtse ko a ƙugu, kada kuma ya shiga kasuwa ko tasha ko taro da ita a jiki. In mafarauci ne, ya riƙe katin ƙungiyarsa da takardar shaida daga mai unguwa ko Sarkin Hausawan garin da yake zaune. In an tsai da mota a shinge, ya faɗi abin da ke cikin kayansa tun ba a zazzage ba. Mai bindiga kuwa ya sani Dokar Bindigogi ta 1959 ta wajabta lasin, har ga bindigar toka. Kafin ya shiga dajin mutane, ya gabatar da kansa ga sarakunan wurin, kamar yadda baƙon maharbi ke fara sauka wurin Sarkin Baka a Arewa.

Haka nan wuƙa mai kyau ba ta halatta kowane nama a wurin hukuma ba. Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 da Doka mai lamba 11 ta 1985 sun hana taɓa waɗansu dabbobi, kuma gandun daji irin na Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, ba wurin farauta ba ne.

Daga ƙarshe, wanda zai aika a sayo masa wuƙa ya aiki wanda ya san ƙarfe, ya ba shi wuƙa da nama ya zaɓa, kada ya ƙayyade masa launin kube. Ya kuma aika da wuri, tun kafin maƙera su cika da masu jira, domin a lokacin cunkoso ne ake tsallake ɗumamawa ta biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a dawo da halal.